NAƊAR KARATU A GIDA: WAYAR DA KE HANNUNKA TA ISA KA FARA

Bismillahir Rahmanir Rahim.

Dukkan yabo da godiya sun tabbata ga Allah Maɗaukakin Sarki, wanda Ya ba mu harshen magana da kunnen sauraro. Tsira da aminci su ƙara tabbata ga fiyayyen halitta, Annabi Muhammadu (SAW), da alayensa da sahabbansa da waɗanda suka bi tafarkinsu har zuwa ranar sakamako.



Akwai wata sha'awa mai kyau da ta shiga zukatan matasanmu a Birnin Kudu da Gwaram da garuruwan da ke kewaye da su, wato sha'awar naɗar karatun Alƙur'ani, da tunatarwa, da darussan malamai, domin a yaɗa su ta waya. Sai dai tare da wannan sha'awa akwai wani kuskuren fahimta da yake cinye kuɗin wasu, yake kuma kashe gwiwar wasu. Kuskuren shi ne zaton cewa ba za a iya naɗar murya mai kyau ba sai an mallaki kayan situdiyo. Wanda yake da ɗan abin hannu sai ya kwashe jarinsa ya sayo tarkacen da ba su dace da ɗakinsa ba. Wanda ba shi da shi kuma sai ya naɗe hannu yana jiran ranar da zai samu, alhali malamin da yake son ya naɗi karatunsa kullum ƙara tsufa yake yi.

Ra'ayina a taƙaice shi ne: kyawun muryar da aka naɗa ya dogara ne da farko a kan ɗakin da aka zauna, sannan kusancin baki da makirufo, sannan makirufon kansa, sannan manhaja. Biyun farko kyauta ne, na uku ba ya buƙatar kuɗi mai yawa, na huɗu ma akwai shi kyauta kuma halal. Wanda ya juya wannan jeri ya fara daga kasuwa, to ya fara gini daga rufi.

ME YA SA WANNAN AL'AMARI YA DAME NI?

Bari mu ɗan waiwayi tarihi. Shaikh Muhammad Rif'at, shahararren makarancin nan na ƙasar Masar, shi ne ya buɗe gidan rediyon ƙasar da karatunsa a shekarar 1934, ya kuma rasu a 1950 bayan rashin lafiya ta hana shi karatu a ƙarshen rayuwarsa. Mafi yawan abin da duniya take saurare na muryarsa a yau, wasu masoyansa ne suka naɗe shi daga rediyo a gidajensu, da na'urorin wancan zamani. Akwai ƙara da shuu a cikin faya-fayan, amma da waɗancan bayin Allah sun tsaya jiran kayan aiki na ƙwarai, da muryar ta bi mai ita. Sai a shekarar 1961 aka kammala naɗar Alƙur'ani cikakke na farko a salon tartili, da muryar Shaikh Mahmud Khalil Al-Husari.

A nan ƙasarmu ma haka abin yake. Kamfanin Philips ya fito da kaset a 1963, kuma wannan ɗan ƙaramin abu ya yi wa ilimin addini hidimar da ba ta misaltuwa a ƙasar Hausa. Shaikh Abubakar Mahmud Gumi ya rasu a 1992, Shaikh Nasiru Kabara ya rasu a 1996, Shaikh Ja'afar Mahmud Adam kuma an kashe shi a masallaci a Ɗorayi ta Kano ranar 13 ga Afrilu, 2007. Allah Ya jiƙan su baki ɗaya. Yaron da aka haifa bayan rasuwarsu yana jin tafsirinsu a yau kamar yana zaune a gabansu, domin kawai an sami waɗanda suka danna maɓallin naɗa.

To, ina malamanmu na nan gida? Ina alarammomin tsangayu da suka rubuta Alƙur'ani da ka, da malaman zaure da suka shekara talatin ko arba'in suna biya Ahalari da Ishmawi da Iziyya da Risala, daga Sundimina da Kantoga da Wurno har zuwa Sara da Basirka da Fagam? Mafi yawansu ba gidan rediyon da zai zo ya ɗauke su. Fassarar da suke yi wa littattafan nan da tsohuwar Hausa mai zurfi, da misalan da suke bugawa daga gona da kasuwa da kiwo, ba a rubuce suke ba. Ranar da aka kai ɗayansu makwanci, an rufe da wani ilimi da ba za a sake ji ba. Wannan shi ne abin da yake cikin haɗari, kuma ba wanda zai cece shi sai ɗalibin da ke zaune a gabansu da waya a aljihu.

MANUFA ITA CE A JI, A GANE

Kafin a yi maganar saye, sai a san me ake nema. Uwar Muminai A'isha (RA) ta siffanta maganar Manzon Allah (SAW) da cewa a rarrabe take, ba ya zuba ta da gaggawa, har mai son ƙirga kalmominsa zai iya ƙirgawa. Anas ɗan Malik (RA) kuma ya ba da labarin cewa yakan maimaita magana sau uku domin a fahimce ta. Wannan shi ne ma'aunin da ya kamata mai naɗar karatu ya riƙe: kowane harafi ya fita, kowace kalma a gane ta. Duk abin da ya ƙara fitar da magana alheri ne, duk abin da ya lulluɓe ta kuwa, ko da ya yi daɗi a kunne, cikas ne.

A nan ne nake da ja da wata al'ada da ta zama ruwan dare, wato cika karatun Alƙur'ani da amsa-amo, abin da matasa ke kira eko. Za ka ji yaro mai murya mai daɗi da tajwidi mai kyau, amma an lafta wa karatunsa eko har ƙarshen kowace aya yana maimaituwa sau biyu ko uku. Mai sauraro ba zai iya tantance tsawon maddi ba, ba zai san inda gunna ta ƙare ba, harafin da aka yi waƙafi a kansa kuma sai ya koma kamar haruffa biyu. Shaikh Muhammad bin Salih Al-Usaimin, wanda ya rasu a 2001, ya yi fatawa a kan irin wannan na'ura a masallatai, inda ya bambance tsakanin wadda take gyara sauti kawai da wadda take maimaita haruffa, ya kuma hana ta biyun saboda tana kai wa ga ƙari a cikin karatu. Ko da mutum bai san wannan fatawa ba, hankali ma ya isa ya nuna masa cewa ƙaramin yaron da zai koyi sura daga wayar mahaifiyarsa yana buƙatar ya ji bambancin sinun da sadun, da bambancin ha mai ruwa da ha kuri, ba ƙarar kogo ba.

ƊAKI KAFIN NA'URA

Mu mutanen Birnin Kudu ba baƙin sha'anin amo ba ne. A cikin duwatsun da ke kewaye da garin, inda ake da zanen shanun mutanen da, irin su Dutsen Mesa da Dutsen Habude, an san wannan yanki da duwatsun da suke ƙara kamar ƙararrawa idan an ƙwanƙwasa su, waɗanda Baturen nan Bernard Fagg ya yi rubutu a kansu a tsakiyar shekarun 1950. Duk wanda ya taɓa ɗaga murya a tsakanin duwatsu ya san abu mai tauri yana mayar da amo, abu mai laushi kuma yana shanye shi.

Wannan ƙa'ida ita ce take aiki a cikin ɗakinka. Sabon ɗakin siminti mai tayil a ƙasa, da bango sumul, da tagar gilashi, shi ne mafi munin wurin naɗar murya, domin maganarka za ta bugi bango ta dawo cikin makirufo a makare, sai a ji ka kamar kana cikin rijiya. Tsohon ɗakin ƙasa mai rufin azara, wanda wasunmu suke jin kunyar a gan su a ciki, ya fi shi nesa ba kusa ba: katangarsa mai kauri tana tare hayaniyar waje, fuskarta kuma ba sumul take ba balle ta mayar da amo da ƙarfi. Idan ɗakin siminti kake da shi, to ka shimfiɗa darduma, ka saki labule, ka jingina katifa a bangon da ke bayanka, ka rataya bargo a wanda kake fuskanta. Gwajin kuwa mai sauƙi ne: ka tsaya a tsakiyar ɗakin ka tafa hannu sau ɗaya. Idan ka ji ƙarar ta ja wutsiya, akwai sauran aiki; idan ta mutu nan take, ɗakin ya yi.

Sai kuma lokaci. Kowa ya san unguwarsa: ya san sa'ar da injin markaɗe yake tashi, da sa'ar da 'yan acaɓa suke yawaita, da sa'ar da maƙwabci yake tayar da janareto. Da damina ruwa a kan rufin kwano ba ya barin a ji komai. Da bazara kuma zafi yana tilasta kunna fanka, ita kuwa fanka babbar abokiyar gabar makirufo ce. Gara a kashe ta a naɗi minti goma sha biyar, a huta a sha iska, sannan a ci gaba. Da hunturu sai a kiyayi ƙura, a riƙa ajiye makirufo a cikin leda ko jaka bayan an gama.

Abu na gaba shi ne kusanci. Ƙa'idar kimiyya ce cewa duk lokacin da ka ninka tazarar da ke tsakanin bakinka da makirufo, ƙarfin muryar da ke isa gare shi yana raguwa da kimanin desibel 6, alhali kukan akuya da ƙarar babur suna nan yadda suke. Saboda haka wayar da aka ajiye ɗani ɗaya daga bakin malam ta fi makirufo mai tsada da aka girke a ƙarshen zaure. Sai dai kada a saita shi daidai saitin iskar baki. A ɗan karkatar da shi gefe, domin haruffa irin su ba da ɗa da ƙaf suna fitowa da bugun iska. Soson da ake sa wa kan makirufo, ko ma safa mai tsabta, yana rage wannan bugu.

WANE MAKIRUFO?

Mataki na farko shi ne wayarka. Ka sa ta a tsarin jirgin sama domin kada kira ya katse karatu, ka cire ta daga caji, ka ɗora ta a kan matashi ko littattafai maimakon riƙe ta a hannu, ka tabbata ƙasan wayar, inda ƙofar makirufo take, shi ne yake fuskantar mai magana. Maganar cire caji ba ƙaramar magana ba ce. Wutar lantarkin ƙasar nan tana juyawa ne sau 50 a cikin daƙiƙa ɗaya, kuma caja maras kyau, ko janareto, ko injin juya wutar sola, sukan shigar da wani gurnani a cikin abin da aka naɗa. Naɗa da batir ya fi tsabta, ko da waya ce ko kwamfutar cinya.

Mataki na biyu, ga wanda ya sami ɗan kuɗi, shi ne ƙaramin makirufon nan da ake maƙalawa a wuyan riga. Wanda aka fi sani shi ne Boya BY-M1, mai igiya ta kimanin mita 6. Yana da ɗan maɓalli a jikinsa: ɓangare ɗaya na kyamara ne, mai aiki da ƙaramin batir, ɗayan kuma na waya ne. Da yawa sukan ɗauka makirufon ya lalace alhali maɓallin ne ba ya wurin da ya dace. Amfanin wannan makirufo ga karatun zaure shi ne yana bin malam duk inda ya juya, wayar kuma tana hannun ɗalibi a gefe, ba ta ɗauke wa kowa hankali ba. Idan wayarka ba ta da ƙofar iyafis, sai ka haɗa da ɗan abin jonawa da ya dace da ƙofar cajinta.

Mataki na uku na wanda ya daɗe yana wannan aiki ne, ya kuma tabbatar zai ɗore. A nan sai a san makirufo iri biyu ne: dainamik da kondensa. Kondensa yana da kaifin ji, an yi shi ne domin ɗakin da aka killace daga hayaniya. Dainamik kuwa, irin wanda ake riƙewa a masallaci, ana magana ne dab da shi, saboda haka murya takan rinjayi hayaniyar ɗaki; yana kuma jure wahala. Ga gidajenmu, inda kaji da yara da masu talla ba sa neman izini, dainamik ya fi dacewa. Samson Q2U da Audio-Technica ATR2100x suna cikin waɗanda ake jonawa kai tsaye a kwamfuta ta ƙofar USB ba tare da wata na'ura a tsakani ba. Wanda kuma aikinsa yawo ne daga wannan majalisi zuwa wancan, ƙaramar na'urar naɗa irin Zoom H1n, mai aiki da ƙananan batura biyu da katin memori, ba ruwanta da ɗauke wuta.

Abin da nake jan kunnen 'yan'uwa a kansa shi ne kunshin kayan nan masu ƙyalli da ake tallatawa: makirufo BM-800 mai ruwan zinare, da sandar ƙarfe mai lanƙwasa, da ƙaramin akwatin sauti V8 mai fitilu kala-kala. A hoto sai ka rantse gidan rediyo ne. Amma shi BM-800 kondensa ne, ba ya ba da cikakken ƙarfinsa sai an ba shi wuta ta musamman mai bolt 48, kuma idan ya samu sai ya kwaso duk abin da ke motsi a gidan. Shi kuwa akwatin, an ƙera shi ne domin masu waƙa da masu hira kai tsaye a intanet, shi ya sa aka cika shi da maɓallan eko da tafi da dariya. Ba domin karatu aka yi shi ba. Hausawa sun ce ba girin-girin ba, ta yi mai.

Idan za ka saya, ko a Dutse ne ko a kasuwar waya ta Farm Centre a Kano, ka tafi da wayarka da iyafis, ka jona ka naɗa ka saurara kafin ka biya. Kayan jabu suna ko'ina a duniya, musamman na sunayen da suka shahara, kuma farashin da ya yi arha fiye da kima shi kansa gargaɗi ne.

MANHAJA: HALAL KUMA KYAUTA

A kwamfuta ban ga dalilin da zai sa mai naɗar magana ya wuce Audacity ba. Dominic Mazzoni da Roger Dannenberg ne suka ƙirƙire ta a Jami'ar Carnegie Mellon ta Amurka, aka sake ta ga jama'a a shekarar 2000, kuma kyauta ce ga kowa, tana aiki a Windows da Linux da kwamfutocin Apple, ba ta kuma buƙatar kwamfuta mai ƙarfi. A waya kuwa, manhajar naɗa da ta zo da wayar takan wadatar, in dai an shiga saitinta an zaɓi inganci mafi girma. Abin da za a guje wa shi ne naɗar darasi da maɓallin saƙon murya na WhatsApp, domin yana matse sauti ƙwarai saboda ya yi saurin tafiya.

Na san akwai masu sa wa mutane manyan manhajoji na kuɗi waɗanda aka fasa makullinsu. Ina ganin bai dace mai hidimar Alƙur'ani da Hadisi ya gina aikinsa a kan haƙƙin wasu ba, balle ga halal a ajiye kyauta. Bugu da ƙari, irin waɗannan fasassun manhajoji sanannun hanyoyi ne na shigar ƙwayoyin cutar kwamfuta, masu iya lalata aikin shekara a dare ɗaya.

Abubuwa huɗu sun ishe ka a Audacity. Na ɗaya, ka lura da ma'aunin ƙarfin sauti lokacin naɗa: ya riƙa kaiwa tsakanin desibel 12 zuwa 6 a ƙasa da sifili. Idan ya bugi sifili murya ta fashe, kuma fasasshiyar murya ba ta ɗinkuwa. Na biyu, ka bar daƙiƙa biyar na shiru kafin a fara magana, domin manhajar ta ɗauki samfurin hayaniyar ɗakin ta rage ta. Amma a yi wannan da sauƙin hannu, domin idan aka matsa, tare da hayaniyar za ta cinye haruffa masu iska irin su sinun da shinun da fa, murya kuma ta koma kamar ta mai magana a cikin ruwa. Na uku, ka yanke sautin da ke ƙasa da zagaye 80 a daƙiƙa, inda gurnanin wuta da rugugin manyan motoci suke, alhali magana ba ta da wani abin kirki a can. Na huɗu, ka daidaita ƙarfin sautin gaba ɗaya kafin ka fitar. Daga nan ka tsaya. Abin da ya wuce haka yawanci ɓarna ce.

Wajen fitarwa kuma a tuna da aljihun mai sauraro. Sa'a ɗaya ta magana a tsarin WAV, layi ɗaya, a ma'aunin da aka saba na faifan CD, tana cin kimanin megabayit 317. Idan aka mayar da ita MP3 mai kilobit 64 a daƙiƙa, sai ta koma kimanin megabayit 29, kuma ga wa'azi da darasi wannan ya wadatar. Ke nan tafsirin azumi na sa'o'i 30 da zai ci fiye da gigabayit 9 zai dawo ƙasa da gigabayit 1. Karatun Alƙur'ani kuwa gara a ba shi kilobit 128, saboda haruffa su fita sosai. Ka raba MP3 ga jama'a, amma ka adana na asalin a wuri biyu daban-daban, domin katin memori yana mutuwa ba sallama. Ka kuma sa wa kowane fayil suna cikakke: sunan malami, da littafi, da babi, da gari, da kwanan wata. Al'ummar da ta gaji ilimin isnadi bai kamata ta riƙa yawo da karatun da ba a san mai shi ba.

Kada kuma a manta da tsofaffin kaset da ke jibge a akwatunan iyayenmu. Zafi da ƙura suna cin su a hankali. Rediyo mai kaset, da igiya ɗaya daga ƙofar iyafis ɗinta zuwa ƙofar shigar sauti ta kwamfuta, da Audacity, sun isa a ceto su.

ABIN DA WANI ZAI IYA CEWA

Wani zai ce: ai addinin Allah ya cancanci mafi kyawun kaya, don me za mu yi masa rowa alhali mawaƙa suna kashe dukiya a situdiyo? Wannan magana tana da ƙamshin gaskiya. Kyautata aiki abin so ne a Musulunci, kuma babban masallaci ko makarantar da take da hali, ta kuma sami wanda ya iya sarrafa kayan, babu laifi ta sayi na ƙwarai. Majalisin da mutane da yawa suke magana ma ba ya yiwuwa da makirufon wuyan riga guda ɗaya. Amma kyautatawa a sakamako ake ganinta, ba a rasit ba. Aya ta 67 ta Suratul Furƙan ta yabi bayin Allah da tsayawa tsakanin ɓarna da ƙwauro wajen ciyarwa, ayoyi na 26 da 27 na Suratul Isra'i kuma sun yi kakkausan gargaɗi a kan almubazzaranci. Matashin da ya ci bashi, ko ya sayar da tunkiyar da yake kiwo, domin ya sayi abin da wayarsa za ta iya yi, bai kyautata wa addini ba, bai kuma kyautata wa kansa ba.

Wani kuma zai ce: idan ba a sa eko da ado ba, mutane ba za su saurara ba. To, a nan sai kowa ya tambayi zuciyarsa abin da yake nema, domin ayyuka suna tafiya ne da niyya. Karatun Husari ba shi da wani ado in ban da tsabtar haruffa, kuma fiye da shekara sittin ke nan malaman tajwidi suna tura ɗalibansu gare shi.

AMANAR DA KE WUYAN MAI NAƊA

Na'ura ta fi alƙalami saurin ɗaukar magana, saboda haka amanarta ta fi nauyi. Hadisi ya zo a cikin Sunan na Abu Dawuda da Tirmizi cewa Manzon Allah (SAW) ya yi addu'ar hasken fuska ga wanda ya ji magana daga gare shi, ya kiyaye ta, ya isar da ita kamar yadda ya ji ta. Sharaɗin shi ne kamar yadda ya ji. Manhajar da take ba ka damar yanke tari da atishawa, ita ce kuma take ba ka damar yanke togaciya da sharaɗi daga fatawa, har malami ya wayi gari yana faɗin abin da bai faɗa ba. Mun sha ganin yadda guntun sauti na daƙiƙa talatin yake haddasa gaba tsakanin almajiran malamai, alhali da an saki cikakken karatun da ba a sami abin faɗa ba. Wanda ya yi wannan yankan ya yi ƙarya, ko da bai furta kalma ɗaya da bakinsa ba.

Saboda haka kada ka naɗi kowa a ɓoye. Suratul Hujurati ta hana bin diddigin asirin mutane, kuma majalisi amana ne. Ka nemi izinin malam kafin ka naɗa, ka sake neman izininsa kafin ka yaɗa, domin abin da ya faɗa wa ɗalibai biyar da ya san fahimtarsu ba lallai ne ya so duniya ta ji shi haka ba. Idan a makarantar matan aure ne ko ta yara, sai da yardarsu da ta waliyyansu, kuma tambayar da wata ta yi a kan sirrin gidanta ba ta shiga cikin abin da za a raba. Idan malam ya yi tuntuɓen harshe a aya ko a hukunci, ka koma masa ya gyara da bakinsa kafin ka saki. Magana zarar bunu ce, wadda ta shiga waya kuwa ta fi kowace wuyar dawowa.

Daga ƙarshe, ya ɗan'uwana, shawarata gare ka ita ce kada ka jira. A cikin makon nan ka zaɓi malami ɗaya a unguwarku ko ƙauyenku, ka gaishe shi, ka nemi izininsa, ka naɗi darasi ɗaya da abin da kake da shi. Ka saurara, ka gyara zama, ka sake naɗa. Idan ka yi wata uku kana yi ba fashi, ka san abin da ya rage maka, sannan ka je kasuwa da ilimi. Hadisin Abu Huraira (RA) da ke cikin Sahihu Muslim ya lissafa ilimin da ake amfana da shi a cikin abubuwa uku da ladansu ba ya yankewa bayan mutuwa, kuma muna kyautata zaton cewa wanda ya adana ilimin ya isar da shi ba zai rasa rabonsa ba.

Allah Ya tsarkake mana niyyoyinmu, Ya jiƙan malamanmu da suka riga mu gidan gaskiya, Ya ƙara wa waɗanda suke raye lafiya da nisan kwana, Ya sa abin da za mu naɗa ya zama hujja gare mu ba a kanmu ba. Amin.

Wassalamu alaikum warahmatullahi wabarakatuhu.